Bas Mai Salsala

A ofishin zane na kamfanin Gathogo da 'Ya'yansa, can cikin unguwar masana'antu ta Nairobi, akwai abin da ko mai kamfanin ba ya taɓawa, wato bas ɗin Situma. Ba bas na ƙarfe ba, waɗannan suna tsakar fili masu walda na hawa da sauka a kansu kamar awaki. Na Situma yana cikin kwamfuta, kuma daga jikinsa ake cire awon duk wani bodi da kamfanin ke ɗora wa ƙashin mota, tun daga rufi har matakalar ƙofa.

Masu wannan sana'a dai ba bakinsu ɗaya ba. Akwai 'yan waya, irin su Mzee Gathogo, wato dattijo Gathogo mai kamfanin, wanda ya koyi aiki zamanin da kwamfuta ba ta iya komai ba sai layuka, mota ta fito tamkar wadda yara ke lanƙwasawa da waya, ba ka gane gabanta da bayanta sai an nuna maka. Akwai 'yan fata, masu lulluɓa wa abu sutura mai sheƙi, in ka tambayi kwamfuta nauyinsa ta ce ba shi da ko kaɗan, don ba komai a ciki. Aikinsu ne ake nuna wa kwastoma. Sai kuma masu gina abu daskararre ciki da waje, wanda za a iya auna nauyinsa, a yanka shi a ga kaurinsa. Su ma ɗin gida biyu ne, kuma tsakaninsu ko gaisuwar kirki babu.

Situma Khaemba ɗan gidan salsala ne. A wurinsa kowane abu yana da uba. In ya zana faifan ƙarfe ya huda rami a jikinsa, ramin ɗan faifan ne. Ya zura ƙusa a ramin, ta zama jika. Kwamfuta tana jera wannan salsala a gefen allo, daga kakan kakanni har ɗan autan jiya, kuma in aka sauya awon uba, 'ya'ya da jikoki sai su bi shi su gyara zama da kansu. Hanya ce mai kyau ƙwarai, in tana hannun mai tsoron Allah.

Shekarar da kamfanin ya rage ma'aikata, Situma ya tsaya ta taga yana kallon abokan aikinsa suna fita rungume da kwalaye, har da waɗanda suka fi shi iya zane. Abin ya tsorata shi ba kaɗan ba. Daga ranar ya shiga ƙulla auratayya a cikin bas ɗinsa. Ya ɗaura faɗin ƙofa a kan tsayin ɗakin kaya, ya ɗaura ɗakin kaya a kan karkatar madubi, madubin kuwa ya mai da shi jikan matakala. Duk wannan zuri'a ya rataye ta a kan wani ɗan maƙali da direba ke saƙala fulas ɗin shayinsa, ya ɓoye shi a can saman salsala inda ba mai kai ido. Wanda bai san hanya ba in ya taɓa ko ƙusa ɗaya, sai gefen allo ya yi jawur daga sama har ƙasa, kujeru su leƙo ta taga, ƙofa ta koma kan rufi. Sai a aika a kira Situma. Ya zo a hankali da kofin shayinsa, ya girgiza kai ya ce, “Wa ya aike ku?” Ya danna nan ya danna can, dangi su koma mazauninsu. An sake rage ma'aikata bayan wannan, ko sunansa ba a ambata ba.

Ɗaya gidan kuwa mutum ɗaya ce ke wakiltarsa a ofishin, Injiniya Mwikali Nzioka, wadda ta zo daga wani kamfanin gyaran jiragen ruwa a Mombasa. Ita ba ruwanta da salsala. Ta kama bango ta ja, ta kama rami ta matsar, kamar mai ginin tukunya. Don haka aka bar mata tireloli da akwatunan kaya, bas kuwa haramun ne gare ta. Teburinsu na kallon juna, kuma kullum da safe sai sun taɓa.

“Bwana Situma, ina kwana? Ya kakannin ƙusa, sun tashi lafiya?”

“Lafiya lau, Mama. Ya marayunki, an gano ubansu?”

“Suna can suna aiki, ba su da lokacin neman uba.”

Ana nan sai ga watan Agusta, shekarar kuwa ta kaciya ce a ƙasar Bukusu, mutanen Situma. Ɗansa na fari, Wanyonyi, ya riga ya ɗauki ƙararrawa yana zaga dangi can ƙauyensu kusa da Kimilili, yana gayyatarsu su zo su ga tsayuwarsa. A wurinsu yaro a tsaye yake karɓar wuƙa, a gaban ɗakin ubansa, bayan an dawo da shi daga rafi jiki duk laka, kuma uban yana tsaye a wurin. In uba bai zo ba, ƙanensa ya tsaya. Ba wanda zai ce uffan ranar, amma har yaron ya yi furfura sunansa wanda baffansa ya tsaya wa. Situma yana da ƙane, Masinde, mai gona jikin tasa. Da ya tuna haka bai ƙara ɓata lokaci ba.

Ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci ya shiga ofishin Mzee Gathogo neman hutu. Ya tarar da tsohon ya ja hular sanyi har kunne, yana hura shayi.

“Kaciya? Allah ya raya. Mu ma mun tsaya a zamaninmu,” in ji Mzee. “Amma ka ga Ciyaman, ko?”

Situma ya ga Ciyaman. Kowa ya gan shi. Shugaban wata ƙungiyar masu motocin haya ne da ta ba kamfanin kwangilar bas-bas, kuma mutum ne da ba ya kwana da ra'ayin da ya wuni da shi. Shekaranjiya ya ce a ƙara layin kujeru. Jiya ya zo ya ce gwiwarsa ba ta shiga. Yau da safe ya ce a faɗaɗa ƙofa, don surukarsa tana fataucin kaji kuma kejinta ba ya wucewa.

“In ka tafi, wa zai taɓa bas ɗin nan?” in ji Mzee. “Ni? Ni da na bar zane tun zamanin waya?”

“Mzee, 'yan kwanaki ne kawai.”

“Kai ne ginshiƙin gidan nan, Situma. Ka taɓa ganin ginshiƙi ya tafi hutu?”

Washegari lokacin shan shayi Mzee ya tara ma'aikata, ya sa aka sayo gurasar capati, ya miƙa wa Situma wani allon katako an rubuta masa Ma'aikacin Da Babu Kamarsa. Aka yi tafi. Situma ya riƙe allon yana murmushi kamar wanda ya taka ƙaya a gaban surukai. Wannan yabo shi yake nema tun shekarar kwalaye, ga shi ya zo ranar da ba ya so.

Da ya rasa yadda zai yi, sai ya haɗiye girman kai ya jawo kujera kusa da tasa, ya ce wa Mwikali ta zo ya koya mata hanya. To, masu iya magana sun ce in za ka haƙa ramin mugunta haƙa shi gajere, shi kuwa Situma rijiya gaba dubu ya haƙa. Hanyoyin da yake bi kullum ya san su, amma wasu ƙulle-ƙullen ya yi su ne da daɗewa, cikin fushi ko cikin tsoro, ya manta da su sarai. Ya ce bari ya raba ƙofa da ɗakin kaya don aikin ya yi mata sauƙi. Yana yankewa allo ya yi jawur, sitiyari ya tashi daga gaba ya je ya zauna a kujerar ƙarshe.

“Wannan ai Ciyaman zai so shi,” in ji Mwikali. “An samu wurin fasinja biyu a gaba.”

Ya mayar, ya gwada ta wani gefen. Tagogi suka haɗu wuri ɗaya. Ya sake gwadawa, bas ya motse ya koma siriri kamar an bi ta kansa da tirela. Duk da sanyin Agusta gumi ya jiƙa masa kwala. Mwikali ta daina dariya, ta karɓi linzamin kwamfutar ta bi salsalar a hankali tana hawa, uba bayan uba, har ta kai can sama.

“Wannan fa? Me ya haɗa fulas ɗin direba da tagar baya?”

“Injiniyanci ne mai zurfi, Mama.”

“Na ga zurfinsa.” Ta dube shi ta saman tabarau, ta rage murya. “Ni ma an taɓa ba ni kwali a Mombasa, Bwana Situma. Ban ce ka kyauta ba, amma na gane.”

 Kunya ta kama Situma, irin wadda ba ta barin mutum ya yi ko musu.

“Akwai hanya,” ta ce. “Maɓalli ɗaya ne. Ka fitar da bas ɗin a dunƙule, jiki kawai, ba uba ba kaka. Daga nan kowa ya kama ƙofa ya ja, ƙofa ce kaɗai za ta motsa.”

“Ki ce in kashe shi.”

“Wa ya ce a kashe? Naka yana nan a ajiye, ba mai goge shi. Ba dai mai ƙara buɗe shi.”

“In da sauƙi haka, me ya hana ki yi?”

“Tun watan da na zo na iya. Bas ɗinka ne, kuma na ga kana da iyali.”

Wannan magana ta fi sitiyarin nan yi masa ciwo. Ashe katangar da ya yi shekaru yana ginawa, matar da ke zaune gabansa tana ganin ƙofarta a buɗe kullum, tausayi ne ya hana ta shiga. Ya ce mata ba zai yi ba, abu marar asali ba zane ba ne, dutse ne. Ta ce to, ta koma kan tirelarta.

Da rana yana cin masara da wake a rumfar mai abinci, sai matarsa Naliaka ta kira daga gida.

“Baban Wanyonyi, an jiƙa geron giya, kawunsa ya ware bijimin da zai yanka. Masinde ma ya kai kwat ɗinsa wanki.”

“Wane kwat?”

“Wanda zai tsaya da shi mana.”

“Wa ya ce masa ba zan zo ba?”

“Ba wanda ya ce. Sabo ne. Da rufi ya yi yoyo ka ce bas ya yi ja. Da makaranta ta kira iyaye ka ce bas ya yi ja. Ranar da yaron nan ya karye a hannu, wa ya goya shi zuwa asibiti? Ni ban ga laifinka ba, aiki ne. Ka dai turo abin da za ka turo.”

Da faɗa ta yi masa da ya ji sauƙi. Ya ture kwanon, ya koma ofis, ya tsaya a kan Mwikali ya ce, “Nuna mini maɓallin.”

Ta nuna masa. Ya ce ta matsa, da hannunsa zai yi. Ya dubi doguwar salsalar nan ta gefen allo kamar mai sallama da dangi a tasha, ya danna. Kwamfuta ta ɗan yi tunani, gefen allon ya zama fili fetal. Bas kuwa yana nan yadda yake, ko ƙusa ɗaya ba ta gusa ba. Situma ya juya shi hagu, ya juya shi dama, yana neman inda ya rage. Bai rage ko'ina ba, kuma wannan ne ya fi ɓata masa rai.

Mwikali ta kama ƙofa ta ja, ƙofa ta faɗaɗa, madubi bai ce komai ba. Da Ciyaman ya zo da yamma ya ga abin, sai ya karɓi linzamin da kansa, ya matse kujeru ya cusa ƙarin layi guda yana ƙyalƙyala dariya kamar yaro ya samu sabuwar mota ta waya.

“A da, da an yi haka sai ya yi ja,” in ji Situma a hankali.

“Gaskiya ne,” in ji Mwikali. “Yanzu mu ne za mu yi jan da bakinmu. Gobe zan cire layin in ce kwamfuta ce ta ƙi.”

Mzee Gathogo ya daɗe tsaye a bayansu yana kallo. Ya dubi allon kwamfuta, ya dubi Mwikali, ya dubi allon katakon da ke jingine a teburin Situma. Tsohon bai iya zanen zamani ba, amma ya iya lissafin mutane.

“Situma, ɗana, me kake yi a nan har yanzu? Yaro na jiran ubansa. Tafi, tafi. Kada ka yi gaggawar dawowa, iyali ai sun fi komai.”

Da safe Situma ya shiga motar Bungoma, mai zuwa yankinsu. Yana hawa matakala ya gane ta, aikin kamfaninsu ce, 'yar cikin bas ɗinsa. Aka ba shi kujerar bayan direba. Bayan sun wuce Naivasha ya leƙa gefen sitiyari don ya gaisa da kakan kakanni, sai ya ga tabon walda kawai. Fulas ɗin shayin yana tsakanin cinyoyin direba.

“Direba, ina ɗan ƙarfen da ke nan?”

“Wannan banzan? Gwiwa yake buge mini, na sa aka yanke tun satin farko. Ko waye ya zana shi bai taɓa tuƙa mota ba.”

Situma ya ce haka ne, ya mai da kansa taga. Motar tana ta gudunta, ƙofa na inda take, tagogi na inda suke. Lokaci lokaci yakan ciro wayarsa ya duba ko ofis sun nema, ya ga ko caji ne ya ƙare. Caji na nan a cike.

Ya iso gida da shirin rigima. Duk hanya yana maimaita abin da zai gaya wa Masinde, cewa in mai wuri ya zo mai tabarma sai ya naɗe. Sai ga Masinde ya taho da gudu ya rungume shi, ya karɓe masa jaka, da murnarsa ta gaskiya.

“Yaya, ka iso? Madalla. Zauna ka huta, an gama komai.”

Kuma da gaske an gama. An share gaban ɗaki, an kafa rumfa, an yi magana da mai wuƙa, tukwanen giyar gero na jere a inuwa. Situma ya ce bari ya duba itace, aka ce an faskara. Ya ce bari ya je ya gaida dattawa, aka ce Masinde ya zaga su tun makon jiya. Ya tambayi inda ake ajiye kujerun baƙi, wata yarinya ta nuna masa, a cikin gidansa. Naliaka ta kawo masa ugali, tuwon masararsu, da kaza a kwanon da ake fito wa fasto da shi. Ya ci, kazar ta yi daɗi, amma ya so a ce wani ya zo ya tambaye shi ko da inda igiya take.

Gari na wayewa aka ji waƙa daga wajen rafi, tana matsowa. Mata suka shige ɗaki, Naliaka ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu kamar yadda uwa ke yi. Situma ya gyara kwat ɗinsa ya tsaya a ƙofar ɗakinsa, daidai tsakiya. Wannan tsayuwa ya saya da bas ɗinsa, kuma ya ƙudura ba mai raba shi da ita. Taron ya shigo da sanduna a sama, Wanyonyi a tsakiyarsu, jiki duk laka, ido a sama. Yaron ya fi yadda Situma ya san shi tsawo.

Masinde ya matso ya yi masa raɗa. “Yaya, ɗan gusa nan, kana tare wa mai wuƙa haske.”

Ya kama kafaɗunsa a hankali ya matsar da shi gefe. Situma ya tsaya inda aka ajiye shi yana jira. Jikinsa ya saba, in an matsar da uba sai wani abu ya biyo baya, ko wani abu ya ɓaci. Waƙa ba ta yanke ba, ba wanda ya waiwayo, rumfa na nan a tsaye.

Wanyonyi bai ƙifta ba. Aka busa usur alamar an gama, mata suka fito da guɗa, Situma ya ji hawaye na neman kunyata shi don alfahari. Yaron ya sauke idonsa daga sama, ya bi fuskoki har ya samu ta Masinde. Masinde ya gyaɗa masa kai.

“Ina uban yaro?” in ji wani dattijo. “Ya fito ya faɗi kyautarsa.”

Mutum biyu suka ɗaga ƙafa. Masinde ne ya tuna, ya ja da baya yana sosa ƙeya. Situma ya ƙarasa gaban ɗansa, maganar maraƙin da ya tanada tana bakinsa. Yaron ya dube shi, ya yi masa murmushin ladabi duk da zafin da yake ji.

“Sannu da zuwa, Papa,” ya ce. “Ya hanya? Yaushe za ka koma?”